Zagaye 202: Tseren Jacksonville na 1963 da Kofin da Aka Hana Wendell Scott





Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama. Sun nemi in yi magana a kan tarihin tseren motoci, fage ne kuwa mai faɗi, in aka ce za a kewaye shi duka sai magariba ta same mu a nan. Saboda haka na ɗauki tsere ɗaya tak. An yi shi ranar Lahadi, 1 ga Disamba, 1963, a wani fili mai suna Speedway Park a birnin Jacksonville na jihar Fulorida, a kudancin Amurka. Filin na ƙasa ne, babu kwalta, kewayensa rabin mil, wato kimanin mita 800. Motoci 22 suka shiga, 'yan kallo wajen 5,000, ladan wanda ya zo na ɗaya dala 1,000. A ma'aunin wannan wasa ƙaramin tsere ne, irin wanda akan yi yau a manta gobe.

Abin da ya hana a manta da shi, wanda ya ci tseren baƙar fata ne, wani bakanike mai suna Wendell Scott, kuma ya wuce layin ƙarshe ba a kaɗa masa tuta ba. Wani aka kaɗa wa, wani ya tafi gida da kofin. Sai bayan kusan shekara 58 hukumar wasan ta miƙa wa iyalinsa kofi, lokacin shi kansa ya haura shekara 30 da mutuwa. Zan bi maganar daki-daki: inda wasan ya samo asali, yadda filin ƙasa yake cin mota, wane ne mutumin, me ya faru ranar, sannan abin da nake ganin ya kamata mu ɗauka.

Daga fasa-ƙwauri zuwa filin wasa

A Turai motar tsere daban ake ƙera ta, kujera ɗaya, tayoyi a waje, ba ta da wani amfani a titi. A kudancin Amurka kuwa wasan ya taso ne da motar gida, irin wadda magidanci zai saya wajen dillali ya kai iyalinsa kasuwa. Tushen abin ba mai daɗin faɗi ba ne, domin fasa-ƙwaurin barasa ne. Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta haramta sarrafa barasa da sayar da ita. Ko bayan an soke dokar, manoman tsaunukan Karolina ta Arewa da Bajiniya da Jojiya sun ci gaba da dafa tasu a ɓoye don gudun haraji. Mai kai kayan birni cikin dare yana bukatar mota mai kamannin ta kowa, don kada jami'an haraji su sa mata ido, amma injinta ya fi nasu gudu, sifirin ɗinta na baya kuma ya ɗauki nauyin kwalabe ba tare da gindin motar ya zauna ba. Ranar hutu sai waɗannan direbobi su haɗu, a share da'ira a cikin gona, a ga ta wa ta fi.

Da jama'a suka fara biyan kuɗin kallo, sai 'yan damfara suka shigo. Mai shirya tsere kan tattara kuɗin ƙofa ya sulale tun motoci suna zagaye. Wannan ya sa wani bakanike mai gidan mai a Daytona Beach, Bill France, ya kira taro a otal ɗin Streamline ranar 14 ga Disamba, 1947. A watan Fabrairun 1948 aka yi wa hukumar NASCAR rajista, da alkawarin doka ɗaya ga kowa da biyan lada babu ha'inci.

Tseren farko na babban rukuninta an yi shi ranar 19 ga Yuni, 1949, a filin ƙasa na Charlotte. Motoci 33, zagaye 200. Glenn Dunaway ya riga kowa da tazarar zagaye uku a cikin wata Ford ƙirar 1947. Da masu bincike suka shiga ƙarƙashin motar, sai suka tarar an taɓa sifirin ɗinta na baya irin taɓin 'yan fasa-ƙwauri, alhali doka ta ce motar ta zo yadda kamfani ya ƙera ta. Aka soke nasarar, aka bai wa Jim Roper, wanda ya tuƙo Lincoln tun daga jihar Kansas. Mai motar Ford ɗin, Hubert Westmoreland, ya kai ƙara kotu yana neman dala 10,000, kotu ta yi watsi da ƙarar. Tun daga ranar aka san cewa kaɗa tuta ba shi ne magana ta ƙarshe ba, hukuma tana da ikon ta duba ta gyara. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi nan gaba.

Yadda filin ƙasa yake cin mota

Filin yana da siffar ƙwai, miƙe biyu da lanƙwasa biyu, kuma kullum hagu ake karyawa. Kafin tsere gireda takan bi ta daidaita shi, tankar ruwa ta zagaya tana yayyafi, sannan a sa motoci su yi ta bi a hankali har ƙasar ta daddale.

A kan kwalta direba yakan rage gudu ya shiga kwana tayoyinsa manne da titi. A kan ƙasa kuwa da gangan yake sakin bayan motar ya zame waje, ya murɗa sitiyari dama alhali kwanar ta hagu ce, ya riƙe motar da totur tana tafiya a karkace har ta fita. In ya taka da yawa ta juya da shi, in ya sassauta na baya ya wuce.

Babbar wahalar ita ce filin yana sauyawa a ƙarƙashin direba. Da farko laka ce, tana fantsama a gilashi, tana toshe lagireto har inji ya ɗauki zafi, shi ya sa suke ɗaura ragar waya a hancin mota. Can ƙasar ta bushe, ƙura ta turnuƙe har direba ya daina ganin motar da ke gabansa. Daga nan tayoyin motoci masu nauyin kusan tan biyu su fara haƙa ramuka a kwana. Duk wanda ya bi hanyar ƙauye a ƙarshen damina, bayan manyan motoci sun gama da ita, ya san abin da nake nufi. Bambancin kawai, a nan da gudu ake faɗawa ramin, kuma sau 200.

Ogannin garejin da ke nan sun riga ni sanin abin da zai fara mutuwa: shokozoba, sifirin, ƙarafan sitiyari, aksul, kusoshin taya. Mota mai ƙarfin inji ita ce ta fi faɗawa rami da ƙarfi, don haka sau da yawa ita ke fara karyewa. A manyan filayen kwalta irin Darlington da aka buɗe a 1950 da Daytona na 1959, mai kuɗin sabon inji shi ke gaba. A ƙaramin filin ƙasa mai gargada kuwa, talakan da ya san motarsa ciki da waje, wanda yake jin ƙarar ƙarfe ya gane wane ne ya fara gajiya, yana da rabo.

Bakanike daga Danville

An haifi Wendell Oliver Scott ranar 29 ga Agusta, 1921, a Danville ta jihar Bajiniya, garin masaƙun auduga da kamfanonin taba. Mahaifinsa direba ne kuma bakaniken wasu attajirai fararen fata, a hannunsa ya koyi riƙon sifana. Ya yi tuƙin tasi, ya yi aikin kanikanci a rundunar sojan Amurka a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar da a lokacin ba ta haɗa baƙi da farare a bataliya ɗaya. Da ya dawo ya buɗe gareji, da dare kuma yana jigilar barasar ɓoye, har aka kama shi a 1949 aka sake shi bisa sharaɗin zama ƙarƙashin sa ido na shekara uku.

A 1952 masu shirya tsere a Danville suna neman dabarar jawo 'yan kallo, sai suka ga a sa baƙar fata ɗaya cikin direbobi. Suka tambayi 'yan sanda wane ne baƙin da ya fi ba su wahala a hanya, 'yan sanda suka ambaci Scott. Sun ɗauko shi ne don abin kallo, shi kuwa sai ya fara cin tsere.

Da ya ja motarsa zuwa wasannin NASCAR, sau da dama a ƙofa ake mayar da shi. A 1953 wani ƙaramin jami'i a filin Richmond, Mike Poston, ya yi ta maza ya sayar masa da lasin. Shekarar da ta biyo baya wani mai shirya tsere a Raleigh ya bai wa kowane direba dala 15 na mai, ya tsallake Scott. Ya kai kuka wajen Bill France, France ya ciro dala 30 daga aljihunsa ya ba shi, ya yi masa alkawarin cewa shi ɗan ƙungiya ne kuma za a riƙa ɗaukarsa haka.

A ƙananan rukunoni ya ci tsere fiye da 100, a 1959 ya zama zakaran jihar Bajiniya a rukuninsa. Ranar 4 ga Maris, 1961, ya shiga babban rukuni a Spartanburg. A nan ne ya gane tazarar da ke tsakanin gwaninta da jari. Manyan direbobi suna da kamfanonin Ford da Chrysler da Pontiac a bayansu. Shi kuwa mota ta hannu yake saya, taya wadda wasu suka gama da ita, kayan gyara daga wajen 'yan gwangwan. Ma'aikatansa 'ya'yansa ne, Wendell ƙarami da Frank. Wani lokaci shi da kansa zai tsaya, ya fito daga mota, ya taya su canjin taya, ya koma ya ci gaba. A hanya akwai gidajen abincin da ba a sayar masa, da masaukin da ba a ba shi ɗaki. Filin Darlington ya yi shekaru yana mayar masa da takardar shiga. Wasu direbobi da gangan suke tura shi jikin katanga, ya haɗiye, domin ya san in ya rama a gaban dubban fararen fata shi ne da asara. Wasu kuma, irin su Ned Jarrett da Richard Petty, sun taimake shi da kaya da shawara. Motar da ya shiga tseren Jacksonville da ita ma, Chevrolet ƙirar 1962 mai lamba 34, wajen Jarrett ya saye ta.

Ranar tseren

Sai mun dubi shekarar kafin mu fahimci ranar. A watan Yunin 1963, a Danville garinsu, 'yan sanda sun far wa baƙaƙe masu zanga-zangar neman 'yanci da kulake da mesar kashe gobara. A watan Agusta aka yi babban gangamin birnin Washinton inda Martin Luther King ya yi jawabi. Ranar 22 ga Nuwamba aka harbe Shugaba John Kennedy, kwana tara kacal kafin tseren. Jacksonville ɗin ma, a watan Agustan 1960 gungun fararen fata sun bi matasa baƙaƙe da ƙotocin gatari a tsakiyar gari saboda sun zauna a kantin abincin da aka keɓe wa farare. Dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a ba ta zo ba sai 1964.

Tseren zagaye 200 ne, mil 100, kimanin kilomita 160, kuma a lissafin hukuma shi ne na uku a kakar 1964. Jack Smith ne ya sami gurbin gaba a gwajin gudu, Scott ya tashi daga na 15. Filin ya lalace da wuri. Manyan motoci suka yi ta shiga rami suna fita da rauni, wasu su tsaya gyara, wasu su mutu ɗungurungum. Richard Petty ne ya fi kowa daɗewa a gaba, ya ja ragama fiye da zagaye 100, har gargadar ta taɓa masa sitiyari. Scott bai da injin da zai bi Petty, bai kuma yi ƙoƙarin bin sa ba. Ya riƙe gudun da motarsa za ta iya jurewa, yana kauce wa ramukan da ya riga ya haddace. Sannu ba ta hana zuwa. Saura zagaye 25 ya wuce Petty, daga nan babu wanda ya sake shan gabansa.

Ya cika zagaye 200 ya ɗaga kai, mai tuta bai motsa ba. Ya sake zagayowa, shiru. Ya yi na 202, sai ga tuta ta sauka a kan motar Buck Baker, zakaran 1956 da 1957. Aka kai Baker dandalin karramawa, aka ɗauki hoto, aka miƙa masa kofi, 'yan kallo suka tafa suka watse. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Scott bai tayar da rigima ba, bai kuma ja motarsa ya tafi ba. Ya je wajen jami'ai ya ce a sake duba katunan ƙidaya. Aka shiga ɗaki, aka ɗauki wajen awa biyu. Da aka fito, filin ya zama wayam, aka ce masa gaskiyarsa ce: shi ya ci, kuma ya ba Baker tazarar zagaye biyu. Aka ƙirga masa dala 1,000, aka rubuta sunansa a littafi. Kofi kuwa ya riga ya yi gaba. Bayan mako huɗu, a tseren Savannah, aka miƙa masa wani ɗan guntun katako da ko suna babu a jikinsa.

Kuskure ne ko ganganci?

A nan ya kamata mu yi adalci, ko da ga waɗanda ba su yi wa wani ba. A wancan zamani babu na'urar da ke ƙirga zagaye. Kowace mota tana da mutum ɗaya zaune a rumfar ƙidaya, da kati da fensir, gabansa agogo. Duk lokacin da motarsa ta wuce sai ya rubuta lokacin. Babban jami'i ya tattara ya fitar da jeri. Ku lissafa da kanku: zagaye ɗaya wajen daƙiƙa 30, motoci kusan ashirin a cakuɗe, ƙura ta rufe lambobi, wannan ya tsaya shan mai, wancan an zagaye shi sau biyar. Kuskure ba abin mamaki ba ne, kuma ya sha faruwa. A watan Yunin 1959, a filin ƙasa na Lakewood da ke Atlanta, an kaɗa wa Richard Petty tuta a matsayin nasararsa ta farko, wani direba ya yi ƙorafi, aka sake ƙidaya aka karɓe. Mai ƙorafin kuwa mahaifinsa ne, Lee Petty. A shekarar dai, tseren Daytona 500 na farko sai da aka kwana uku ana duba hotuna kafin a karɓe nasara daga Johnny Beauchamp a bai wa Lee Petty. Masu cewa abin da ya faru a Jacksonville kuskure ne suna da abin kafa hujja.

Scott kuwa har ya mutu bai yarda da haka ba. A al'adar wasan, bayan tsere akan kawo sarauniyar kyau ta gari ta miƙa wa gwarzo kofi, ya sumbace ta a gaban masu ɗaukar hoto. Budurwar farar fata ce. A fahimtarsa jami'ai ba su son a ga baƙar fata a wannan matsayi. Wanda bai san Amurkar wancan lokaci ba zai ga abin ƙarami ne. A 1955 an kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a jihar Misisipi bisa zargin ya yi wa wata farar mace fito. Auren baƙi da fari haramun ne a dokar Fulorida da ta Bajiniya har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 1967. Akwai ma masu cewa jami'an sun ji tsoron tarzoma ne, sun ɓoye sakamakon don kare ran Scott ɗin.

Ni a ganina, ba sai mun shiga zuciyar mai tuta ba kafin mu yanke hukunci. Mu ɗauka kuskure ne. To, kuskuren ya ƙare bayan awa biyu, lokacin da aka buɗe katuna aka ga 202. Abin da ya biyo baya ba ƙura ce ta jawo shi ba. Hukumar da ta iya karɓe nasara daga Dunaway a 1949 har ta kare kanta a kotu, wadda ta bi hotuna kwana uku a 1959 don kada a zalunci Lee Petty, ba ta rasa ikon aika wa Baker ya dawo da kofi ba, ko ta sayi wani, ta kira Scott gaban 'yan kallo a tsere na gaba ta ce ga gwarzon Jacksonville. In tsoron tarzoma ne ya hana a ranar, me ya hana bayan shekara ɗaya, ko goma, ko ashirin? An zalunce shi a gaban mutum 5,000, aka ba shi haƙƙinsa a ɗakin da babu kowa.

Kada kuma wani ya ce ai ya karɓi kuɗinsa, kofi ƙarfe ne kawai. A wannan sana'a hoton dandalin karramawa jari ne. Shi jaridu ke bugawa, shi kamfanonin mota da na taya da na mai ke gani su ɗauki nauyin direba. Dala 1,000 ta ƙare a biyan bashi da sayen kayan gyara. Abin da zai iya sauya masa rayuwa shi ne a san shi a matsayin wanda ya ci, shi ne kuma aka hana shi.

Bayan Jacksonville

Ya ci gaba da tsere shekara goma, bai sake cin wani ba, bai kuma taɓa samun babban kamfani a bayansa ba. Duk da haka ku dubi alƙaluma. Tsere 495 a babban rukuni, sau 147 yana cikin goman farko. A 1966 shi ne na shida a jerin maki na shekara, da motar hannu da 'ya'yansa a matsayin ma'aikata.

Wasan kansa yana barin ƙasa yana komawa kwalta. Ranar 30 ga Satumba, 1970, aka yi tseren babban rukuni na ƙarshe a filin ƙasa, a Raleigh, Richard Petty ya ci. Ba a sake ba sai 2021, da aka zuba ƙasa a kan filin Bristol. Ma'ana, irin filin da ke bai wa talakan bakanike dama ya kau, saura inda kuɗi ke magana. A 1973 Scott ya ci bashi ya sayi Mercury mai gudu, ya shiga da ita tsere a filin Talladega a watan Mayu. Tun farkon tseren aka yi karon da ya haɗa motoci kusan ashirin, motar ta tashi daga aiki, shi ya sami karaya a ƙugu da haƙarƙari da ƙafa. A shekarar ya bar tsere ya koma garejinsa yana biyan bashi. A 1977 aka yi fim a kan rayuwarsa mai suna Greased Lightning, Richard Pryor ya fito a matsayinsa. Ya mutu ranar 23 ga Disamba, 1990, da ciwon daji a ƙashin baya, yana da shekara 69.

Gyaran ya zo guntu-guntu. A 2010 wasu masoya wasan na Jacksonville suka ƙera kwafin kofin suka bai wa iyalinsa. A 2015 aka sa shi cikin zauren gwarazan NASCAR a Charlotte. A watan Yunin 2020 hukumar ta hana ɗaga tutar 'yan awaren kudu, masu kare bauta, a filayenta. Ranar 28 ga Agusta, 2021, jajibirin cikarsa shekara 100 da haihuwa, shugaban hukumar na lokacin, Steve Phelps, ya miƙa wa iyalinsa kofin Jacksonville a gaban 'yan kallo a Daytona. Bayan mako biyar, ranar 4 ga Oktoba, Bubba Wallace ya ci tsere a Talladega, filin da ya karya Scott. Shi ne baƙar fata na biyu da ya ci tsere a babban rukuni. Tsakanin na ɗaya da na biyu kusan shekara 58. Wannan tazarar kaɗai ta isa ta nuna irin asarar da wasan ya yi wa kansa, domin yaro ba ya sha'awar sana'ar da bai taɓa ganin irinsa an karrama a cikinta ba.

Abin da za mu ɗauka

Ƙannena ɗalibai, ku fara da wannan. Scott bai ci tseren nan da ƙarfin zuciya kawai ba, da ilimin ƙarfe ya ci. Direbobin da suka fi shi mota sun karya nasu, shi ya kai tasa ƙarshe domin hannunsa ne ya ɗaure kowane noti a jikinta. Wanda ya san iyakar kayan aikinsa yakan wuce wanda ya fi shi kaya.

Na biyu, ku lura da abin da ya cece shi. Da babu katunan nan, da magana ta zama ya ce, sun ce, kuma kun san wanda za a gaskata a Fulorida ta 1963. Rubutu ne ya tsaya masa. Shi kuma ya san adadin zagayensa, ya san ƙofar da doka ta buɗe ta ƙorafi, ya bi ta cikin natsuwa. Ku saba da rubuta aikinku: motar wa ta shigo, me aka canja, nawa aka biya, wa ya shaida.

Na uku naku ne, iyayenmu da malamanmu da ogannin gareji, domin ku ne masu riƙe da fensir. Malami mai ba da maki, oga mai yaye yaro, alƙalin wasa, mai raba gado, duk a rumfar ƙidaya kuke zaune. Kuskure ba ya ƙarewa, ɗan Adam ajizi ne. Amma in kun gano kun tauye wani, ku gyara a inda kuka ɓata. In a gaban yara aka ce wane ne ya lalata injin, sannan aka gano ba shi ba ne, a gaban yaran nan za a wanke shi, ba a bayan gareji ba. A kuma yi da wuri, tun mai haƙƙin yana da rai da ƙarfin da zai amfana.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda ba mu so.